Yadda Wuta Ke Karya Lagon Ƙarfen Da Ba Ya Tsatsa

Makarin bene na sitenles, ko tankin masana'antar ruwan leda, ko bututun injin dafa madara, in tsatsa za ta kama su ba a ko'ina take farawa ba. Gefen walda take bi. Jikin ƙarfen yana nan fes yana ƙyalli, amma inda wuta ta taɓa ya yi ja, wani lokaci har ya huje ya fara yoyo. Hukuncin da aka saba yankewa shi ne an sayar wa mutum jabu, kuma ba a rasa lokacin da hakan gaskiya ne, domin ana miƙa wa mai saye samfurin sitenles mai lamba 201, mai arha, da sunan mai lamba 304 da ya fi shi inganci. Sai dai sau da yawa ƙarfen na gaske ne. Da za a yanki guntunsa a kai ɗakin gwaji, za a tarar da kuromiyam kashi 18 cikin 100 da nikel kashi 8, daidai yadda kamfani ya faɗa. Babu abin da ya fita daga cikinsa. Wuta ce ta sauya wa kuromiyam ɗin mazauni, alhali kariyar wannan ƙarfe ba ga yawan kuromiyam kaɗai ta rataya ba, har da inda yake zaune.

Sitenles baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Kuromiyam ya fi ƙarfe kwaɗayin iskar oksijin, saboda haka da iska ta taɓa saman ƙarfen sai ya riga shi kama ta, su haɗu su yi wata siririyar fata da ido ba ya gani. Kaurinta bai wuce nanomita 1 zuwa 5 ba, kuma nanomita guda kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Wannan fata ce ke tare ruwa da iska daga isa ga ƙarfen da ke ƙasa. In an karce ta, ta sake tofowa da kanta nan take, muddin akwai iska. Amma da sharaɗi: dole kuromiyam ɗin ya zama a narke yake cikin jikin ƙarfen, a sake, ba a ɗaure da wani sinadari ba, kuma dole ya wadata a kowane ɗigo na saman ƙarfen. Wurin da ya gaza kusan kashi 12, fatar wurin ba ta da ƙwari, ko da maƙwabcinsa na da kashi 18.

Masu ƙera wannan ƙarfe sun gamu da matsalar tun yana jariri. A 1912 kamfanin Krupp na Jamus ya yi rajistar sitenles mai nikel, aikin Benno Strauss da Eduard Maurer, a 1913 kuma Harry Brearley ya narka nasa mai kuromiyam zalla a Sheffield ta Ingila. Masana'antun sinadarai suka yi rububin sabon ƙarfen, suka gina tankunan asid da shi. Ba a daɗe ba aka fara ganin abin mamaki: tanki ya ci, amma ba a kan ɗinkin waldar ba, sai a wasu layuka biyu da ke bin ɗinkin hagu da dama, 'yan milimita nesa da shi. Ɗinkin lafiya lau, can nesa ma lafiya lau, tsakiya ce ta lalace. Bayanin da aka yarda da shi har yau ya fito fili ne a 1933, daga Edgar Bain da abokan aikinsa Aborn da Rutherford a Amurka.

Ga yadda abin yake. Ƙarfe ba curi guda ba ne kamar yadda ido ke gani. In aka goge shi aka duba da madubin ƙara girma, za a ga ƙananan ƙwayoyi ne a manne da juna, kowace da iyakarta. A cikin 304 irin na da, akwai kabon har kashi 0.08 cikin 100. A zafin da ya haura digiri 1,000 na ma'aunin Salshiyas, wannan kabon narkewa yake sarai cikin ƙwayoyin. In aka sanyaya ƙarfen da sauri, kabon ɗin ba ya samun damar motsi, sai ya maƙale inda yake, ba don yana so ba. A zafin ɗaki zai zauna haka shekara da shekaru. Amma da zarar an mayar da ƙarfen cikin zafin da ke tsakanin kusan digiri 450 da 850, kabon ya samu ƙafa. Atam ɗinsa ƙanana ne, suna ratsawa da sauri su taru a iyakokin ƙwayoyi, su kama kuromiyam ɗin da ke kusa, su haɗu su zama kabaid ɗin kuromiyam. (Wannan ba shi ne kabaid ɗin masu waldar gas da masu nunar da ayaba ba, wancan na kalsiyam ne.) A cikin wannan kabaid, atam 6 na kabon ke riƙe atam 23 na kuromiyam. In aka koma ga nauyi, giram ɗaya na kabon na iya ɗaure giram 16 zuwa 17 na kuromiyam.

A nan ne lissafi ke iya yaudarar mutum. Ko da duk kabon ɗin da ke cikin 304 ya zama kabaid, abin da zai ci bai wuce kashi 1.3 na kuromiyam ba. A cire wannan daga 18, saura fiye da 16, wanda ya isa kariya har da rara. To me ya kawo ɓarnar? Bambancin gudu ne. Atam ɗin kuromiyam babba ne, tafiyarsa a cikin irin wannan ƙarfe ta hawainiya ce. Kabon yana zuwa daga ko'ina cikin ƙwayar, amma kuromiyam ɗin da kabaid ke ci na bakin iyaka ne kawai, na can ciki ba ya isowa da wuri ya cike giɓin. Sai a wayi gari da wani siririn zirin da faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, yana bin kowace iyaka, kuromiyam ɗinsa ya faɗi ƙasa da kashi 12. Wannan zirin ya tashi daga sitenles ya kusa komawa baƙin ƙarfe. Ƙari a kan haka, da yake ɗan mitsitsi ne kuma yana manne da faffaɗan jiki mai cikakkiyar kariya, in ruwa mai gishiri ko asid ya zauna a kansu sai ƙaramin lantarki ya gudana tsakaninsu, duk cin ya tattara a kan zirin. Kamar ginin tubali ne da ruwa ya cinye kwaɓin da ke tsakani: kowane tubali yana nan da ƙwarinsa, amma katangar ta gama yawo. Ƙarfen da abin ya yi wa tsanani, ƙwayoyinsa zubewa suke yi in an lanƙwasa shi, in an jefar da shi a ƙasa kuma ba ya ƙara irin ta ƙarfe.

Wannan ya warware batun layuka biyun nan. Ɗinkin walda da abin da ke jikinsa sun yi zafi ƙwarai, sun haura inda kabaid ke iya zama, sun kuma huce da sauri. Can nesa zafi bai kai 450 ba. Tsakaninsu ne aka samu wurin da ya jima a cikin zangon haɗarin.

Jimawar nan kuwa ita ce rabin zancen. Ba taɓa digiri 650 ke ɓata ƙarfe ba, zama a wurin ne. Mai kabon kashi 0.08 na iya lalacewa cikin minti ɗaya ko biyu in ya samu zafin da ya fi yi masa illa, kuma wannan lokaci ne da waldar farantin ƙarfe mai kauri ke bayarwa cikin sauƙi, musamman in ana bi ana maimaitawa ba a bari ya huce ba. Mai kabon kashi 0.03 sai ya yi sa'o'i da dama kafin abin ya kama shi. Falle marar kauri yana hucewa da wuri, mai kauri yana riƙe zafi. Shi ya sa ƙa'idar aikin walda ta ce kada a ɗora wani zubi a kan na farko sai wurin ya sauko ƙasa da kusan digiri 150, kuma kada a buɗe wutar inji fiye da buƙata.

Magani na farko shi ma wuta ne. A mayar da ƙarfen cikin tanderu a zafin digiri 1,010 zuwa 1,120, a bar shi har kabaid ya narke kuromiyam ya koma ya bazu, sannan a fito da shi a tsoma a ruwa, don ya ratsa zangon 850 zuwa 450 a guje. Yawancin falle da bututun 304 na kirki a wannan hali suke barin kamfani. Wanda ya taso a maƙera zai ji abin banbaraƙwai, domin abin da ya sani shi ne in ka gasa ƙarfe ya yi ja ka tsoma a ruwa, tauri yake yi. Dangin 304 da 316, waɗanda masana ke kira ostinait, ba sa yin tauri ta wannan hanya ko kaɗan. Tsomawar ma ita ke barinsu a mafi laushinsu. Matsalar wannan magani ita ce tankin da aka gama ginawa ba ya shiga tanderu, in ma ya shiga, tsoma shi a ruwa zai murɗe shi.

Na biyu shi ne a rage kabon tun daga tukunyar narki. Harafin L da ake gani a 304L da 316L ma'anarsa kabon bai wuce kashi 0.03 ba. A da yin haka tsada gare shi, domin in ka hura oksijin don ƙona kabon, kuromiyam ma ƙonewa yake. Sai a ƙarshen shekarun 1960 aka fara amfani da dabarar kamfanin Union Carbide ta gauraya oksijin da iskar agon, wadda ke fitar da kabon ta bar kuromiyam. Tun daga nan farashin mai ƙarancin kabon ya sauko, har yau yawancin fallen da manyan kamfanoni ke fitarwa hatimi biyu gare shi, 304 da 304L a lokaci guda.

Na uku ya fi wayo, kuma ya taɓa Nijeriya. A ba kabon wani abokin da ya fi so fiye da kuromiyam. In aka zuba taitaniyam aƙalla ninki 5 na yawan kabon, an samu samfurin 321. In niyobiyam aka zuba, kusan ninki 10, an samu 347. Waɗannan sinadarai suna kama kabon tun a zafi mai yawa, kafin ƙarfe ya sauko inda kuromiyam ke shiga haɗari, sai kabon ya iso wurin hannunsa a ɗaure. Niyobiyam daga ma'adinin kwalambait ake samunsa, wanda ke fitowa tare da kuza a tsaunukan Jos. A shekarun 1950 Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen fitar da shi, lokacin da Amurka ke tara shi saboda ƙarafan injin jiragen sama masu jure zafi, kafin ma'adinan Barazil su karɓe kasuwar. Su ma waɗannan samfura da lagonsu. Dab da ɗinkin walda zafi yakan kai inda kabaid ɗin taitaniyam ko na niyobiyam ke narkewa, kabon ya kuɓuce, in aka sake ɗumama wurin zuwa 600 ko 700 sai ya koma kan kuromiyam. Cin da ke biyo baya siriri ne ƙwarai, a jikin ɗinkin yake tafiya. Ana kauce masa da gasa aikin a kusan digiri 900 bayan walda, don kabon ya koma hannun mai riƙonsa.

Babban tarkon da ya fi kama ƙwararru shi ne al'adar da aka gada daga baƙin ƙarfe. Bayan an yi wa tukunyar tururi ko babban bututu walda, akwai ɗaurewa da ke saura a jikin ƙarfen saboda wani wuri ya huce ya tsuke kafin wani. Maganinta a baƙin ƙarfe sananne ne: a ɗumama aikin zuwa digiri 600 ko 650, a riƙe shi sa'o'i, a bar shi ya huce a hankali. Wannan daidai ne, kuma doka ce a ayyuka da yawa. Amma a yi wa 304 haka, an kai shi tsakiyar zangon haɗari an zaunar da shi, garin neman gira an rasa ido.

Masana'antar nukiliyar Amurka ta biya kuɗin wannan darasi da tsada. A tashoshin farko masu tafasa ruwa a cikin tukunyar nukiliya, an riƙa liƙa guntayen bututun sitenles a bakin tukunyar, wadda ta ƙarfe ce mai kauri, sannan a sa duka a tanderu don sassauta ɗaurewar tukunyar. Tukunya ta amfana, guntayen sitenles suka fito da iyakokin ƙwayoyinsu a tsotse. A watan Maris na 1982, ana gwajin matsin ruwa a rukuni na ɗaya na tashar Nine Mile Point da ke jihar New York, aka ga yoyo a irin waɗannan guntaye. Da aka faɗaɗa bincike sai aka tarar da tsaga a gefen waldar manyan bututan zagayen ruwa masu faɗin inci 28, har aka cire bututan gaba ɗaya aka sa sababbi na 316 mai kabon da bai wuce kashi 0.02 ba, wanda aka ƙara wa naitirojin don ya rama ƙarfin da rage kabon ya ɗauke. Abin lura shi ne ruwan da ke cikin waɗannan bututu tatacce ne iyakar tacewa, ba gishiri ba asid. Zafin kusan digiri 288, da ɗan oksijin da ke narke a ciki, da ɗaurewar walda, da iyakokin da aka tsotse wa kuromiyam, su huɗun nan da suka haɗu sun isa.

A matatun mai abin da wani salo yake zuwa. Bututun tanderu na sitenles yana aiki shekaru a zafin da ke cikin zangon haɗari ko kusa da shi, kabaid na taruwa sannu a hankali, sulfa ɗin ɗanyen mai kuma na yi masa ɓawo a ciki. Muddin yana aiki da zafinsa ba abin da ke faruwa. Ranar da aka kashe matata don gyara aka buɗe bututu, iska da raɓa suka shiga suka haɗu da ɓawon, sai wani asid ya samu wanda ke iya tsaga bututun ta iyakokin ƙwayoyi cikin ɗan lokaci. Saboda haka ne injiniyoyi ke cika bututu da busasshiyar iskar naitirojin ko su wanke shi da ruwan soda kafin a buɗe. Ƙarfen ya fi shiga haɗari ranar hutunsa fiye da ranar aikinsa, kuma matatar da ke yawan tsayawa da tashi ta fi kowa buƙatar kiyaye wannan.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan na dangin ostinait ne. Da an tsallaka wani dangi sai ƙa'idar ta juye, kuma a ganina nan ne ainihin inda ake tafka kuskure, don mutane suna ɗaukar sitenles abu guda ne.

Ɗauki ƙarfen wuƙa da almakashi da kayan tiyata, dangin matinsait irin su 410 da 420 da 440C, wato zuriyar ƙarfen Brearley. Waɗannan kabon ɗinsu da yawa da gangan, domin shi ke ba da kaifi. A 440C kabon ya kai kusan kashi 1 cikin 100, kuromiyam kashi 16 zuwa 18. A tuna lissafin giram 16 na ɗazu, za a ga cewa a nan kabaid na iya riƙe babban rabo na kuromiyam ɗin ƙarfen gaba ɗaya, ba na bakin iyaka kaɗai ba. Shi ya sa irin wannan ƙarfe a halin laushinsa, yadda ake sayar da shi don a yanka a fafe, ba ya jure tsatsa sosai. Sai an gasa shi a kusan digiri 1,000 zuwa 1,050, wani ɓangare na kabaid ya narke ya saki kuromiyam, an tsoma shi a mai ko an sanyaya shi da iska ya yi tauri, sannan kariyarsa ke cika. Taurinsa da jure tsatsarsa tare suke zuwa. Maƙerin da ya samu guntun 420 ya gasa shi zuwa jan da ya saba da shi a baƙin ƙarfe, wajen digiri 800, bai kai inda kabaid ke narkewa ba, sai ya fito da wuƙar da ba ta yi tauri ba kuma tana tsatsa. Bayan tauri akwai ɗumamawa ta biyu da ke rage gautsi. In an yi ta a ƙasa-ƙasa, digiri 150 zuwa 300, kuromiyam na nan inda yake. In aka kai 450 zuwa 600, ƙananan kabaid sun sake fitowa sun tsotse kewayensu, ƙarfen ya rasa kariya ya kuma ƙara gautsi. Mai wasa wuƙa da ya danna baki a kan dutsen inji ba ruwa har ya yi shuɗi, irin wannan ɗumamawar ya yi wa bakin wuƙar ba da saninsa ba.

Dangin ferait, irin 430 marar nikel da ake yin jikin firiji da kayan kicin masu arha da shi, shi ne ya fi juya zancen. Shi maganaɗisu na kama shi, kuma jikinsa ba ya iya riƙe kabon a narke, atam kuma suna tafiya a cikinsa da sauri ninkin-ba-ninkin fiye da ostinait. Sakamakon haka, in ya haura kusan digiri 925 ya huce, ko da a ruwa aka tsoma shi da wuya a riga kabaid fitowa. Wato abin da ke warkar da 304 shi ke sa wa 430 ciwo, kuma cinsa a jikin ɗinkin walda yake fitowa, ba nesa da shi ba. Maganinsa kuma a riƙe shi a wajen digiri 800 na ɗan lokaci, zafin da ake gudu a 304, domin a nan kuromiyam na da saurin da zai dawo ya cike giɓin iyakokin. Samfuran ferait da ake yin salansar mota da su, irin 409 da 441, an sa musu taitaniyam ko niyobiyam ne saboda wannan dalili.

Sai mai ruwa biyu, rabi ostinait rabi ferait, wanda fitaccensa shi ne 2205 mai kuromiyam kashi 22, nikel kusan 5, molibdinam kusan 3, ƙarfen rijiyoyin mai na cikin teku da injinan tace ruwan gishiri. Abokin gabarsa ba kabon ba ne. Tsakanin digiri 600 da 1,000 wani tsari mai gautsi da ake kira sigma ke tsirowa a cikinsa, yana tattara kuromiyam da molibdinam ya bar kewaye fayau, kuma wajen 850 mintuna kaɗan sun ishe shi. In kuma walda ta huce da sauri fiye da kima, ferait ya yi yawa, naitirojin ɗin da ke cikinsa ya kama kuromiyam. Ba ya son jinkiri, ba ya son gaggawa. Wajen digiri 475 ma yana da wani gautsin na daban, shi ya sa ba a sa shi aikin da ya haura kusan 300.

In aka dawo kan makarin bene da tankin ruwan leda, gaskiyar magana ita ce wancan tsohon ciwon na kabaid ya ragu ƙwarai a siraran fallaye na zamani masu ƙarancin kabon. Abin da ya fi cin aikin masu walda a yau shi ne launin da zafi ke bari. Daga wajen digiri 300 saman sitenles yakan fara rawaya-rawaya, ya koma ruwan zinariya, ya yi ƙasa-ƙasa, ya yi shuɗi, a ƙarshe ya yi toka-toka ko baƙi. Wasu har sha'awar launin suke, kamar yadda ake gani a salansar babur. Amma wannan launi fata ce da ta yi kauri fiye da kima, mai tsattsagewa, wadda ba ta kariya, kuma kuromiyam ɗin da ta gina kanta da shi daga ƙarfen da ke ƙarƙashinta ta jawo. Ciwon dai guda ne, wuri ne ya sauya: maimakon iyakar ƙwaya, yanzu saman ƙarfen ne ya tsotse. Gwargwadon duhun launi, gwargwadon ɓarnar. Goge shi da ƙyalle da man ƙyalli na iya kawar da launin ya bar tsotsattsen ƙarfen a wurin. Sai an ci shi da dutsen gurza mai tsabta, ko an wanke da man asid na musamman, ko injin wanke walda mai aiki da lantarki. Cikin bututu, inda ido ba ya kai kuma ruwa ke kwana, shi ne mafi muni. Hanyar kare shi ita ce a toshe bakin bututu a cika shi da iskar agon kafin a fara walda, abin da mai aiki kan tsallake don agon kuɗi ne kuma mai kaya ba zai leƙa ba.

Man asid ɗin nan yana bukatar gargaɗi. Akwai asid ɗin haidurofulorik a cikinsa, wanda ke ratsa fata ya shiga jiki ba tare da an ji zafi nan take ba, yana iya kisa. Ba abin taɓawa da hannu ba safar roba da kariyar ido ba ne. Asid ɗin lemon tsami da wasu ke amfani da shi yana wanke ɓurɓushin baƙin ƙarfe daga sama, amma ba ya cire launin zafi.

Akwai kuma ƙananan halaye da ke ƙara wa wuta mai. Gasa bututu da wutar gas don a lanƙwasa shi yana zaunar da shi a zangon haɗari, in harshen wutar mai hayaƙi ne kuma yana ɗura masa sabon kabon, har 304L ya tashi daga L. Maiƙo ko fenti da aka bari a bakin walda shi ma kabon ne. Sandar waldar baƙin ƙarfe a kan sitenles tana tsinka kuromiyam ɗin ɗinkin, sandar da ta dace da 304 ita ce ta sitenles mai lamba 308L. Dutsen gurza ko burushin waya da aka yi aikin baƙin ƙarfe da shi yana dasa ɓurɓushi a saman sitenles, su yi tsatsa su huda fatar. A Kano ko Damagaram bushewar iska tana rufa wa irin wannan aiki asiri wata da watanni, sai damina ko ruwan wanki mai bilic ya tona shi. A Legas ko Fatakwal, inda iska ke ɗauke da gishirin teku, ba ya ɗaukar lokaci.

Maganaɗisun da ake yawo da shi a kasuwa ba ya faɗin komai game da wannan. Ba ya kama 304, ba ya kama 201, kuma ba ya bambanta lafiyayye da wanda wuta ta tsotse. Na'urar hannu mai auna sinadarai da haske ma yawan kuromiyam take faɗa, ba inda yake zaune ba. Gwajin gaske yana cikin ƙa'idar ASTM A262. Ɗaya daga ciki ya samo asali ne daga Strauss na Krupp: a dafa guntun ƙarfe cikin ruwan asid ɗin salfa da gishirin tagulla na sa'o'i 15, a fito da shi a lanƙwasa, in iyakoki sun ci sai bayan lanƙwasar ya tsattsage. Wani kuma a tafasa shi cikin asid ɗin naitirik mai ƙarfin kashi 65, zubi 5, kowanne sa'o'i 48, ana auna nauyin da ya rasa. Mafi sauri shi ne a goge guntun ya yi sumul, a sa shi cikin asid ɗin okzalik mai ƙarfin kashi 10, a ratsa masa lantarki na daƙiƙa 90, a duba da madubin ƙara girma. In iyakokin ƙwayoyi sun fito kamar 'yan matakala, ƙarfen ya tsallake. In sun zama ramuka sun zagaye ƙwaya, ba a yanke masa hukunci nan take, domin okzalik kabaid ɗin kansa yake ci, ba ya tabbatar da cewa gefensa ya tsotse. Sai a tura guntun zuwa ɗaya daga cikin gwaje-gwajen dafuwar, kuma guntun da za a tura ya zama wanda aka yi wa walda da hannun da zai yi aikin, da injinsa, da sandarsa.